Mai Ɗorin da Muka Bari a Ramin Kuza

Maigidana ya rasu ya bar wani mutum kwance a ramin kuza, dafin maciji yana cin jikinsa. Mutumin na cikin wasa ne, ba na duniya ba, amma na san shi kamar yadda na san maƙwabtana. Ki rubuta haka, kada ki gyara mini. Ban iya riƙe alƙalami ba, amma bakina nawa ne. In kin ga ina kuka ki ci gaba da rubutu, kukan ba ya hana ni magana.

Takalma yake sayarwa a babbar kasuwar Terminus. Da kasuwar ta ƙone shagonsa ya tafi da ita, ba a jima ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye. Muka zauna a gidanmu na Anguwan Rogo, shi a kan kujera a zaure yana kallon titi, ni ina kai da kawowa tsakaninsa da murhu. 'Ya'yanmu duk mata ne, suna gidajen mazajensu a nesa. Sai muka sa 'yan haya, ɗaliban jami'ar da ke Titin Bauchi. Akwai wata budurwa a ɗakin da ke jikin nawa, yayanta kuma da abokinsa suna ɗakin waje. Yayan dogo ne mai surutu, abokin gajere ne, sai ka matsa masa yake magana.

Su suka kawo wasan. Budurwar ta sayi wani tsohon littafin Turanci mara bango a wajen masu gwanjon littattafai, ta ce dokokin wasa ne a ciki. Duk Asabar bayan azahar sai su shimfiɗa tabarma a zaure. Ita ke jan labari, tana faɗin inda matafiya suke da abin da ya tare su. Kowa yana da mutuminsa a cikin labarin, shi zai faɗi abin da mutumin zai yi, sannan a jefa dayis, irin na lido amma mai fuskoki da yawa, a ga ko abin ya yiwu.

Maigidana ya fara da kallo. Da ya tabbata ba caca ba ce, sai ya fara sa baki, yana gaya wa dogon cewa jaruminsa wawa ne, wa ke shiga kogo bai bar mutum a baki ba. Ƙarshe suka ce, to Baba, shigo mana. Suka so su ba shi mai sihiri, ya ce ko a wasa ba zai yi tsafi ba. Aka ba shi mai ɗori, tsoho mai sanda da jakar tsumma. Budurwar kuwa ya laƙaba mata Oga, sunan ya bi ta har ƙawayenta suka ɗauka. Da yake hannunsa ba ya aiki, ni ke jefa masa dayis. Daga nan suka ce zaman banza nake yi, aka ba ni ungozoma, aikinta jinya. Su suna rubuta jinin mutanensu a takarda, wato adadin ran da ya rage wa kowa. Mu da ba mu karatu sai muka ɗebo wake a murfin kwano, in an ji wa mutuminka ciwo a kwashe, in an yi masa magani a mayar. Waken ya ƙare, mutum ya mutu.

Mutumin da ya daina dariya tun gobarar kasuwa, a kan tabarmar nan na sake ganin haƙoransa.

Akwai dokar da ya daɗe yana faɗa da ita. Wata rana aka sari jarumin dogon, sai mutum biyu suka ɗura masa kwalbar magani a zagaye ɗaya, kafin jifa ya sake zagayowa. Oga ta ce ɗaya kawai za a ƙirga. Littafin ya ce magani iri ɗaya ba ya hawa kan ɗan'uwansa a lokaci guda, wanda ya fi ƙarfi shi ke aiki, ɗayan ya zube a banza. Amma in hanyarsu ta bambanta, kamar ɗori da kwalba, suna haɗuwa. Maigidana ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa zaman kasuwa ba, a ina aka taɓa jin biyu ba ta fi ɗaya ba. Ya yi ta mita har Asabar ta zagayo. Bayan nan kuma babu wanda ya kai shi tsare dokar, ko shi za ta cuta. Cewa yake wasan da ake yi wa mutum alfarma a cikinsa ba wasa ba ne, lallashi ne, shi kuma ya gaji da lallashi.

A Asabar ɗinsa ta ƙarshe labarin ya kai matafiya cikin wani tsohon ramin kuza. Wani ƙaton maciji ya taso wa mutumin gajeren, mai ɗori ya shiga tsakani, saran ya same shi. Aka kwashe wakensa saura ƙwaya ɗaya, ga dafi zai ci gaba da ci duk zagaye. Sai aka kira la'asar. Ya ce a bari sai mako mai zuwa, ya ga yadda za mu fid da shi. A cikin makon ciwon ya sake kayar da shi, daga asibiti sai makabarta.

Lokacin jinyarsa duk wanda ya zo dubiya da ƙullinsa yake zuwa, wannan saiwa, wancan sassaƙe, wani garin da za a sha da nono. Likita ya gargaɗe ni cewa wasu daga ciki suna faɗa da ƙwayoyin da yake sha. Ina karɓa da godiya ina ajiyewa a bayan randa. Ƙanen maigidana ya sani. A zaman makoki, inda mata za su ji, ya ce da an haɗa da na gargajiya da yayansa ya tashi, ni na hana shi magani. Ina cikin takaba, na ci gaba da karɓar gaisuwa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba.

Duk tsawon takabar yaran ba su taɓa wasan ba. Oga ta ɓoye littafin, in na shigo suna hira sai su canja zance. Asabar ta farko bayan na fita, na share zaure da kaina, na shimfiɗa tabarma, na aika a kira su. Oga ta durƙusa ta ce, Mama, mu fara sabon labari, ko kuma a ce mai ɗori ya yi tafiya. Na ce wace tafiya, da ƙafar da maciji ya sara? Mun bar mutum a rami, a garinmu ba a yin haka.

Muka zauna. Ba wanda ya hau kujerar maigidana. Oga ta fara da murya ƙasa-ƙasa, ta ce ga duhun rami, ga ruwa yana ɗiga, maciji ya ja da baya, mai ɗori yana kwance yana nishi. Ba ta rufe baki ba samarin nan biyu suka yi magana tare, kowanne ya ce ya ɗura masa kwalbarsa. Su ne kwalabe biyu na ƙarshe da tawagar take da su. Halinmu ne, in mun ga namu a kwance kowa so yake hannunsa ya riga kaiwa. Da ɗaya ya jira zagaye na gaba, da maganin ya riƙe shi har dafin ya huce. Suna faɗa suka gane abin da suka yi. Dogon ya dafe kai.

Oga ba ta kalli littafi ba. Ta ce duka biyun sun yi aiki, ta miƙa hannu ta zuba wake mai yawa a murfin.

Na riƙe hannunta. "Oga, kwashe rabi."

"Mama, yau ɗaya dai."

"Da yana kan kujerar can, za ki yi masa haka?"

Ta sunkuyar da kai. Na ce mata tun da aka yi rasuwar nan kowa lallashina yake yi, ana ɓoye mini magana, ana rage murya in na shigo. A nan kaɗai nake so a ɗauke ni mai hankali. Ta kwashe. Dafi ya ci nasa, muka koma kusan inda muka fara, ga kwalabe sun ƙare.

Daidai nan ƙanen maigidana ya yi sallama. Ya tsaya a bakin zaure ya dube mu, ya dubi dayis. Ya ce jiya-jiya na fita takaba, yau ina zaune da samari ana jefa abin caca a zauren yayansa, me mutanen unguwa za su ce. Yaran suka fara naɗe takardunsu. Na ce kada wanda ya motsa.

Na ce masa, "A zauren nan yayanka ya yi dariyarsa ta ƙarshe, ba ka nan. Ka ce na hana shi magani. Ni na juya shi, na wanke shi, na san wanda cikinsa ke karɓa da wanda ke tayar masa da jini. Kai ƙulli ka kawo ka tafi. In za ka zauna ga tabarma, in za ka tafi ka gaida gida."

Bai zauna ba, bai kuma tafi ba.

Na juya na tambayi Oga ko akwai abin da ya rage wanda ba kwalba ba. Wannan karon ta buɗe littafin, ta daɗe tana bin layi da yatsa. Ta ce jinya hanyarta daban, tana hawa kan maganin da ya riga ya sha. Ungozoma za ta iya ɗaure saran ta tsotse dafin. Amma sai dayis ya ba da adadi babba, in bai bayar ba waken ya ƙare. In kuma ya bayar, ungozoma ba za ta ƙara bin tawaga ba, dole ta zauna da majinyacin har ƙarshen labari. Ta maimaita mini wannan, don ta san wasan ne kaɗai abin da ya rage mini na Asabar. Na ce na ji tun farko.

Na jefa. Dayis ya gangara ya wuce tabarma, ya tsaya kusa da takalmin ƙanen maigidana. Ni ban san lambobin ba. Yaran suna tsoron tashi. Shi ya sunkuya, ba tare da ya taɓa ba, ya faɗi abin da ya gani. Oga ta duba littafi, ta rufe fuska da mayafinta, ta ce ya isa, da ƙyar.

Na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Na san wake ne da takarda, na san inda mijina yake kwance. Duk da haka na yi, da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo. Kafin in share ido ƙanen nasa ya fita. Bai ƙara tako gidan ba sai da Sallah, maganar da ya yi a makoki kuma har yau bai janye ta ba. Ni ma ban nemi ya janye ba.

A cikin labarin samarin suka ɗauko mai ɗori a kafaɗa suka fito da shi daga ramin, aka sauke mu a wani ƙauye a gindin dutse, tawaga ta wuce. Ban ƙara jefa dayis ba. Amma ina zama a gefen tabarma duk Asabar ina tsince shinkafa, kuma kafin a fara Oga takan tambaye ni yaya mai jiki. Ni ke faɗa, littafin ba shi da ta cewa a nan. Wani makon in ce ya sha kunu, wani makon ya taka zuwa bakin ƙofa, wani makon ya yi faɗa da ni a kan gishiri. Gab da za su gama jami'a dogon ya ce ya kamata a ce mai ɗori ya warke, a rufe labarin kowa da kowa. Na ce su rufe nasu. Wannan ƙafar ba a yi mata gaggawa.