Miyar Kuka a Lagireto

Kowane labari da wawansa, kuma a wannan ni ne, don haka kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen nema. A lokacin ina saurayi, na yi shekara biyu cur a elemantare ta Katsina, na iya rubuta sunana da boko idan ba a gaggauta ni ba. A Jibiya wannan ya isa mutum ya yi magana a gaban manya.

Ran nan manzo ya zo daga wani ƙauye kusa da Maraɗi, ya ce yayar Gwaggona tana kwance ba yadda take, kuma sunan Gwaggo kawai take kira. An kai ta aure can tun kafin Turawa su ja iyaka tsakaninmu, sun shekara goma sha ba su ga juna ba. Gwaggo ta ƙulle garin kuka a tsumma, don 'yar'uwar tata kullum aiken da take yi ke nan, wai kukar Riko, ƙauyen da aka haife su, ta fi ta can yauƙi. Ta ce a nemo jaki.

Ni na hana. Na ce zamanin jaki ya wuce. Akwai motar wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, za ta Maraɗi a ranar, na roƙi direban, wani tsohon soja mara yawan magana, ya yarda. Motar ta tsufa tun a hannun Baturen da ya fara hawanta. Kwaran shi ne mijinta na uku.

Ba mu wuce Magama ba sai hancin motar ya fara tururi. Direba ya tsaya. Na kai hannu zan buɗe murfin lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya injin, ya buge mini hannu.

"Malam na boko, kana son fuskarka?"

Ya jira ta huce. Ya taɓa igiyar fanka, ya ce ba ta saki ba. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, lafiya lau. Sannan ya kwanta a rairayi, ya nuna mini inda ruwa ke ɗiga, ɗis, ɗis, ta gindin lagireton.

"Yoyo ne, kuma ƙarami. Duk rijiyar da muka tarar mu ba ta garwa guda. Kafin la'asar mun isa."

Na tambaye shi ko ba a toshewa. Ya ce wasu na zuba ɗan abu mai yauƙi, gwargwadon abin da yatsa uku za su ɗauka, ya bi ruwa ya liƙe ramin, amma shi ba ya so.

A iyaka akwai 'yar rumfa da gardin Faransi, wato ɗan sandansu. Direba ya shiga a buga masa hatimi a takarda, Gwaggo ta zaga bayan wata geza. Aka bar ni da mota da ƙullin kuka da ilimina.

Ga lissafin da na yi, kuma har yau ban ga inda ya karkace ba a takarda. Idan yatsa uku na toshe rami ɗaya, tafi biyar zai toshe har ramukan da ba su riga sun ɓule ba. Na zuba garin kuka tafi biyar a lagireton. Na ga sauran ba shi da yawa, na juye.

Mun yi tafiyar da ba ta fi a sha fura a tashi ba, sai Gwaggo ta ɗaga hanci.

"Wa ke girki cikin dajin ga?"

Motar ta yi tari, ta yi gurnani, ta tsaya. Koren kumfa na tafasowa ta bakin murfi yana bin jikinta. Direba ya ɗora bayan hannu a saman lagireto ya janye da sauri, ya taɓa ƙasan, ya bar hannunsa a wurin.

"Sama wuta, ƙasa sanyi. Ruwa ba shi zagayawa." Ya lakato kumfan, ya ja shi tsakanin yatsu, ya yi zare. Ya dube ni. "Mi ka ba ta?"

Na ce ai yoyon ya tsaya.

"Ya tsaya. Gawa ma ba ta zufa."

Ya ce sai an kwance lagireton an wanke hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, aikin kwana biyu in akwai ruwa, kuma babu. Na kawo shawarar a zuba kanwa ta tsinka yauƙin. Sai ya matsar da akwatin kayan aikinsa daga kusa da ni.

Muka zauna gindin aduwa. Ba gari a gaba, ba gari a baya, ba mai wucewa. Gwaggo ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ninke tsumman kukar, ta sa a cinya, tana kallon hanyar arewa. Can ta miƙe ta fara takawa da ƙafa, ta yi kamar taki ɗari, gwiwa ta ƙi, na je na dawo da ita. Inuwa ta bar mu ta koma gabas, muka bi ta. La'asar ta yi, ta wuce.

Sai washegari wasu Buzaye masu jakai suka biyo, suka ɗauke mu. Mun shiga ƙauyen da hantsi, muka yi kiciɓis da maza suna dawowa, ɗaya na saɓe da makara ba kowa a kai. Sun ce da asuba ta cika, kuma har jiya da la'asar tana tambaya ko an ga baƙi a hanya.

Bayan kwana uku na ga ya kamata mai ilimi ya ce wani abu. Na durƙusa gaban Gwaggo, na gyara murya.

"Gwaggo, sai haƙuri. Ajali ne, ko da mun iso ba mu iya tare shi."

Ta dube ni ta gefen mayafi.

"Ajalin nata ne, ɗan nan. Miyar taka ce."