Ciwon Idon Alhaji Habibu

Ina masana'antar jakunkuna a Shiling ta ƙasar Chana aka kira ni daga Kano: Allah ya yi wa Alhaji Habibu rasuwa, mako uku da komawarsa gida neman magani. Na zauna a kan kwali ina ta maimaita innalillahi, har ɗan Chanan da muke ciniki ya miƙo mini ruwa.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a unguwar Sanyuanli. In za a dawo daga gida, kowa da abin da yake cika akwati da shi, wani kilishi, wani daddawa. Alhaji kuwa tsofaffin littattafan Hausa yake jibgowa, irin waɗanda muka karanta a makaranta. In mun yi masa tsiya sai ya ce, "Ku ci naku ya ƙare, nawa yana nan."

A kan 'yata Rukayya na san darajarsa. Shekararta goma sha biyar, a nan ta tashi, Sinanci da Turanci kamar ruwa a bakinta, amma da ka miƙa mata littafin Hausa sai hamma, ta koma kan waya. Na yi faɗa, na ƙwace wayar, duk a banza. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada wata rana in mayar da yarinya gida baƙuwa.

Alhaji bai taɓa yi mata wa'azi ba. Wata Asabar ya kira ta ya ce, "Uwata, idon nan ya fara cin amanata. Taimaki tsoho da shafi biyu." Ta karanta tana tuntuɓe, yana gyara mata a hankali. Mutumin da yake hango karkataccen ɗinki a jikin jaka tun daga bakin ƙofa ke nan fa. Da na tuhume shi, dariya ya yi: "Yaran yanzu ba sa son a taimake su, amma suna son su taimaka." Daga shafi biyu har suka gama littafi huɗu.

Suna cikin na biyar ya tafi, ya ce ta jira shi ya dawo. Da na dawo daga masana'anta ran nan, na faɗa mata rasuwarsa. Sai ta ɗauko littafin ta ce, "Abba, saura babi ɗaya. Wa zan karanta wa?" Kunya ta rufe ni, don rabona da littafin nan tun ina sa'anta. Na jawo kujera na ce ta fara.

Allah ya jiƙan Alhaji Habibu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajiya da yara haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa.