Rawanin da Isiyaku Ya Naɗa wa Bature

Duk wanda ya taso a Ƙofar Durbi ya san hannun Malam Isiyaku Mai Burushi, ko da bai san fuskarsa ba. Kawunan nan da ke jikin shagunan aski shi ya zana su, haka kazar da ke ƙofar mai gashin nama, wadda yara ke cewa ta fi ta cikin kasko ƙiba. Mahaifinsa mai zayyanar allo ne, a gabansa ya koyi riƙon alƙalami. Da ya girma ya ajiye alƙalami ya ɗauki burushi, tsohon ya yi fushin shekara guda, sannan ya haƙura.

Ba shi da abin taƙama sai ido. Ba ya awo, ba ya jan zare. Kallo ɗaya zai yi wa bango ya ce harafi goma sha biyu zai ci, kuma ba a taɓa samun na sha uku ba. Da injin buga bana, wato tallar da ake bugawa a leda, ya shigo gari abokan sana'arsa suka watse, shi ya tsaya. Kullum maganarsa ita ce inji ba shi da ido. Wannan idon shi ne gonarsa, kuma ni na shiga na tattake ta.

Ni ne Alamin, malamin kemistiri a wata makarantar kuɗi a Kambarawa. Shekarar da mai makarantar, Hajiya Saudatu, ta gina mana ɗakin gwaje-gwaje, ta ce a ƙawata bangon kafin ranar da iyaye za su zo buɗewa. Ni na kawo shawarar a zana wani Bature ɗan Ingila, cikin mutanen da suka kafa ilimin nan shekaru aru-aru da suka wuce. Ni kuma na kawo Isiyaku.

Na miƙa masa hoton a takarda. Mutum ne mai dogon hanci, da farin gashin sakawa irin na alƙalan da, ya zubo har kafaɗa. Ya daɗe yana dubawa.

"Malam Alamin, wanga wane ne?"

Ni da son a san na yi karatu, sai na buɗe baki. "Shehin malami ne. Malamin malamanmu. Duk abin da nake koyarwa, daga bakinsu ya fito."

"Shehi kau? To, madalla. Za a yi mishi abin da ya dace."

Ban tambaye shi abin da ya dace ɗin ba. Kwana shida yana aiki, ban leƙa ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya rufe bangon da ƙyalle, don al'adarsa ce ba a ganin aikinsa sai ranar gani.

Ranar ta zo, ɗaki ya cika da iyaye, Hajiya ta ja ƙyallen da hannunta. Fuska dai ita ce sak, hancin nan, siririn leɓen nan, ga kwalbar gwaji a hannunsa kamar ka karɓa. Amma a kansa farin rawani ne, naɗi mai kyau, har da amawali. Sai wani daga baya ya ce, "Kai, ga limamin Landan!" Ɗaki ya ɗauki dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malam Alamin, mene ne haka?"

Da na ce kuskurena ne, ban yi masa bayani ba, da magana ta ƙare a nan. Amma tsoro ya kama ni, kuma bakina ya riga hankalina. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, tsufa ne. Idonsa ya fara tafiya, gashin ne ya gani kamar rawani."

Isiyaku yana tsaye a bakin ƙofa cikin rigarsa ta Juma'a. Ya saka takalminsa ya fita.

Magana zarar bunu ce. Cikin iyayen nan akwai masu shaguna, akwai masu motoci, kafin sati ya zagayo an ji daga Kambarawa har Ƙofar Ƙaura cewa Mai Burushi ya makance. Masu aski suka koma wajen inji. Ba wanda ya sake ba shi fuska ya zana. Sai fentin gida ya koma yi, launi ɗaya daga sama har ƙasa, aikin da ko makahon gaske zai iya. Bangonmu kuwa aka shafe shi da fari, aka liƙa bana.

Shekara uku ina canza hanya don kada mu haɗu. Kunya nake ji, kuma na san ni ne mai laifi. Wata Asabar bayan la'asar na daure na je. Na same shi a zaure. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ɗalibai, ya Hajiya, bai rage mini ko ɗaya ba, wannan ya fi zagi ciwo. Na durƙusa na roƙi gafara.

Ya yi murmushi. "Malam, gashin nan na gan shi sarai, har nannaɗinshi na ƙirga. Amma kai ka hwaɗa mini shehi ne. Ina za ni tsai da shehi gaban yara kai ba hula, gashi zube kamar na mata? Ko ba addininmu ɗaya ba, malami malami ne. Sutura na yi mishi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce gobe zan bi shago-shago, zan je wajen Hajiya, in faɗa wa kowa ƙarya na yi, idonsa garau yake.

Ya girgiza kai. "Kada ka tahi, za ka sake yin wata ƙaryar. Watan jiya na je asibiti, likita ya ce yanar ido ta hau duka biyun."

Ya lalubo buta a gefensa ya jawo ta.

"Na yahe maka, Malam Alamin. Shekara ukun ne dai nike jin ciwonsu. Su kaɗai suka rage mini na ido, ni kau na ƙare su ina shafe bango."