Ranar da na yi wa dodon Bulus ban ruwa

Zan fara da neman afuwa, don shekaru sun ja kuma mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata. Abin da nake da tabbas a kai shi ne ranar Juma'a ce da yamma, lokacin tsinkar tumatir, ina aji biyar a firamare. Muna zaune mu shida a kan dakalin siminti a bakin magudanar ruwa da ke bayan ƙauyenmu, tsakanin Kadawa da Bunkure, kowa ya tura kai a kan wayar da ke hannun Bulus.

Bulus abokina ne, ɗan makanikin da ke gyara wa manoma injin ban ruwa. Mutanen Filato ne, kuma washegari za su koma gida gaba ɗaya. A wayar yayansa akwai wani wasa mai ƙaton dodo ja, mai fukafukai, yana fesa wuta ta baki. Mu Mai-Garwashi muke ce masa. Yana kwance a ƙarshen wani kwari, ramukan wuta bakwai a gabansa, kuma ba ya mutuwa sai an buɗe ƙofofin ruwa an kashe su duka. Wata uku Bulus yana fama da shi. Ya rantse ba zai bar garinmu ba sai ya ga bayansa, ga shi yayansa zai karɓi wayar da magariba.

Kowa ya gwada, kowa ya ƙone. Duk suna fara buɗe ƙofar da ke kusa, ruwan ya ƙare kafin ya kai ramin ƙarshe. Ni ban taɓa karɓa ba, don tsoro nake in ɓata musu wasa. Amma ina kallo sai ramukan suka tuna mini da fangulan tumatir ɗin babana. Kullum in muna ban ruwa yakan ce, "Kai shi ƙarshen gona tukuna, sannan ka dawo baya kana toshewa." Na ce wa Bulus ya ba ni. Wani ya yi dariya ya ce, "Wannan? Ai ko akuya ta yi atishawa sai ya gudu!" Bulus ya ce, "Ku bar shi mana, ku me kuka tsinana?"

Na karɓi wayar, na bar ƙofofi shida na farko a rufe, na sako ruwan ya miƙe har ramin da ke gaban hancin dodon. Wutar ramin ta mutu. Na dawo baya ɗaya bayan ɗaya, kamar ina riƙe da fartanya. A na bakwai Mai-Garwashi ya yi tari, hayaƙi ya fito maimakon wuta, ya kife. Ihun da muka yi sai da masu loda kwanduna a mota suka juyo. Bulus ya rungume ni har muka kusa faɗawa ruwa, yana cewa, "Manomi ya kashe shi! Wallahi manomi ya kashe shi!"

Yanzu na gama jami'a, wayoyi sun cika ƙauyen, kowane yaro da tasa, ba mai leƙa ta wani. Har yau nakan yi jinkiri kafin in ce a ba ni abu in gwada, sai dai ba kamar da ba.

In akwai wanda ya zauna a dakalin nan ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara mini. In kuma kai ne kake karantawa, Bulus, ko babu gyara ka neme ni.