Ƙullin Bakin Igiya

Ina da shekara hamsin da 'yan kai na shiga ajin koyon tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska, a bakin ruwan yankin Bronx, nan ƙasar Turawa. Ranar Asabar ake koyarwa, ranar da ba na zuwa gidan tsofaffin da nake aiki. Yayata, wadda muke zaune tare a unguwar Tremont, ta ce me ya haɗa 'yar Jos da ko iyo ba ta iya ba da teku. Na tafi abina.

Darasin farko ƙulli ne. Igiyar da ake jan ƙyallen jirgin da ita ta cikin wani zobe take bi, dole a ƙulle bakinta, in ba haka ba ta zame ta fice. Na yi irin ƙullin da muke yi wa igiyar guga a gida. Ya riƙe, amma da ya jiƙe ya sha ja sai ya ƙi kwancewa. Malaminmu, wani dattijon Bature, ya sa wuƙa ya yanke shi. A gaban kowa ya ce, cikin ladabi, ba laifi in zauna a tsakiyar jirgin in yi kallo kawai.

Washegari na sayi igiya na jefa a jaka. Nasu ƙullin kamar lamba takwas yake: a lanƙwasa, a zagaya da bakin ta baya, a zura cikin kafar. Yatsuna sun yi tauri da ɗaga marasa lafiya, na sha wuya. A jirgin ƙasa nake yi, safe da yamma, mutane na kallona. Yaya ta ce matan coci sun fara magana.

"Su yi, Yaya," na ce. "Shekara ashirin ke nan ina zama inda aka ajiye ni."

Da Asabar ta zo, malamin ya miƙa igiya ga budurwar da ke gefena. Na miƙa hannu, na ƙi saukewa har sai da ya ba ni. Na ƙulla. Ya ja da ƙarfinsa, ƙullin ya tsaya. Ya danna shi da babban yatsa, ya kwance cikin sauƙi. Da muka fita ruwa ni ya bar wa igiyar.

Ranar sau biyu na yi amai, tafin hannuna ya ɗure ruwa. Kafin in tafi gida na rubuta sunana a aji na gaba.