Shekarar da Ruwa Ya Ci Littattafanmu

Har yau idan na ji warin jiƙaƙƙiyar takarda sai gabana ya faɗi. Kai mai karatu, wataƙila yoyon ɗaki kawai yake tuna maka. Ni kuwa ƙanina yake tuna mini, da shekarar da kogi ya shigo mana Kaoje.

Ajinmu ɗaya da shi, don an makara sa ni makaranta. Littafin karatunmu tsoho ne, gefensa ya yi baƙi da yatsun yayyenmu. Ƙanina yakan karanta shi tiryan-tiryan, har malam yana buga misali da shi. Ni mai bin baƙi ɗaya-ɗaya ina haɗawa, haushi yakan ishe ni in kira shi aku.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya cinye shinkafar fadama, ya wuce makaranta ya jiƙa littattafan duka. Muka shanya su a kan danga, suka bushe suka manne. Bayan ruwa ya janye aka kawo sababbi daga Bagudo, labaran ciki daban.

Malam ya miƙa wa gwaninsa ɗaya ya karanta. Ƙanina ya wuce kalmomin da ya sani, ya iso ga wata baƙuwa ya tsaya cik. Aka ce ya bi baƙaƙen ya haɗa. Ya kira sunan kowanne, amma haɗuwa ta ƙi, sai ya jefo wata kalma mai kama da ita. Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce ashe hadda yake yi yana yaudarar mutane, ya ɗauko bulala. Haka aka yi ta yi har sanyi ya shigo.

Kaka ta sa aka yi masa rubutun sha, tana ba shi kowace safiya a ƙoƙo. Baba kuwa gona ta lalace, yana neman hannu, ya ce a cire shi daga makaranta.

"Yaron ga ba daƙiƙi na ba," in ji Kaka. "Shanun Hilanin tsallake duk ya san su da huska."

"Boko ba shanu na ba, Inna," in ji Baba.

Aka cire shi. Ya shiga kwale-kwale, yana kai kayan 'yan kasuwar Lolo bakin iyakar Benin.

Na girma na zama malamar firamare. A wata bita aka bayyana mana cewa hanya biyu ƙwaƙwalwa ke bi ta karanta kalma. Ko ta gane ta ɗungurungum kamar fuskar wanda ka sani, ko ta bi sautin baƙaƙen ta haɗa. Akwai yaran da ta farko ke toshe musu, akwai waɗanda ta biyu, kuma kowanne da yadda ake koyar da shi. Na zauna ina jin muryar Kaka a raina, baƙin ciki ya cika ni. Ita da ba ta san bihim ba, ita ta gano abin, ta rasa mai saurarenta.

Yanzu na ajiye bulala, amma ajina ya cika maƙil, ban san yara nawa irinsa ke wuce ni ba. Bana ƙanina ya kawo mini ɗiyarsa makaranta. Na ce ya shigo ya ƙi, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon allo.

"Yaya," in ji shi, "in ta tsaya ga kalma, kar ki bari su yi mata dariya."