Wa ke kwana a nan?

Jiya a unguwar Zariya maƙwabcina ya ɗauko gatari zai sare bagaruwar ƙofar gidansa, sai na ji bakina ya ce, "Wa ke kwana a nan?" Tambayar marigayiya gwaggona ce.

Ba wanda ya sa ta, amma lokacin sharar gona takan bi gonakin Jiratawa tana koya wa mutane su bar tohon kututture ya zama itace.

Wata safiya muna sharar gona tare, na nufi wata sabara da adda, ta riƙe mini hannu. Tafinta da kaushi, yana ƙanshin daddawa.

"Wa ke kwana a nan?"

"Gwaggo, wa zai kwana cikin sabara?"

"Duƙa ka gani."

Na buɗe ganye. Bushiya ce da ƴaƴanta, ƙayarsu ko ƙwari ba ta yi ba. Na tambaye ta yadda ta sani. Ta yi dariya.

"Ni ma ban sani ba, ɗan nan. Shi ya sa nake tambaya."

Jiya kuwa, da jin tambayata, maƙwabcina ya ɗaga kai, ya ga sheƙar kurciya, ya jingine gatarin.

Allah ya kwantar da ke a inuwar da ba mai sarewa, Gwaggo.